Tocilar Da Za Ta Kai Asuba

Ran wata Laraba cikin watan Oktoba, da hantsi, wani dattijo ya sauka daga Keke Napep a bakin babbar kasuwar Jalingo, yana riƙe da 'yar jakar leda wadda ba kome a cikinta sai matacciyar tocila. Tsohon malamin firamare ne. Ya kama aiki tun Jalingo tana cikin Jihar Gongola, ana zuwa Yola neman takardar ƙarin girma, ya kuwa ajiye alli shekaru da dama bayan an ƙirƙiro Jihar Taraba cikin 1991 an mai da garin hedkwata. Tun daga sa'an nan ya koma ga noman shinkafa a wata fadama ta wajen Lau, kusa da kogin Binuwai. Wanda duk ya ga yadda ya ratsa layin masu doya da na masu busasshen kifi bai ko waiwaya ba, ya san akwai abin da ya kawo shi. Tocila ya zo saye, amma ya ƙudura a ransa cewa yau ba zai saye ta yadda ya sayi ta bara ba.

Dalili kuwa shi ne, masu noma nesa da gari in kaka ta yi sai su tare a gona. A kafa bukka a bakin fadama, a yanke shinkafa, a tara, a buga, a sheƙe, a ɗura a buhu, a kuma kwana ana gadinta har motar ɗauka ta zo. Abin yakan ci mako biyu, wani lokaci uku. A can ba wayar lantarki, ba wurin caji, in wata ya faɗi mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Da ƙarfin Malam ya ragu, sai ɗan farinsa, wanda ba ya kama sunansa saboda alkunya sai dai ya ce "yaron nan", ya zama shi ke kwana da 'yan ƙodago. Bara, ana gobe za su tafi, Malam ya shigo kasuwar nan da gaggawa, aka kunna masa wata tocila mai caji aka haska masa a ido, ya ga taurari, ya ce lalle wannan ita ce, ya biya.

Daren farko ta yi haske har 'yan ƙodago suna santi. Dare na uku haskenta ya yi ja. Dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, yaron ya fita zagayawa, ya danna makunni, ta ɗan yi ƙyafta ta mutu. Ya ce taku goma ne kawai, ya tafi a duhu da silifa. A taku na shida ko na bakwai ya ji kamar an soka masa ƙaya a idon sawu.

Kububuwa ce, wadda ake yi wa kirari da gobe-da-nisa. Mutanen kwarin Binuwai, tun daga Lau da Karim Lamido har a dangana da ƙasar Tangale, ba sa bukatar a siffanta musu ita. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da 'yan kai, launinta na busasshiyar ƙasa, takan fito da magariba da cikin dare neman ɓera da kwaɗo, su kuwa inda aka tara hatsi nan suke. Dafinta yakan hana jini daskarewa, sai ya riƙa tsattsafowa daga dasashi da tsohon miki, kuma ba a dare ɗaya yakan yi kisa ba duk da kirarinta, a hankali yake cin mutum. Saboda yawan irin wannan sara ne aka keɓe asibiti guda a Kaltungo, cikin Jihar Gombe, don masu saran maciji, kuma cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Allah ya taimaki yaron, cikin 'yan ƙodago akwai wanda ya hana a tsaga wurin ko a ɗaure da igiya, aka ɗora shi a babur sai asibiti. Ya rayu. Amma kuɗin allura da na mota da na jinya sun lashe buhuna masu yawa daga cikin noman shekarar, uwarsa kuwa ta yi kwanaki ba ta yi wa Malam magana ba sai ta gaisuwa. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Shi ne ya faɗa wa kansa.

To, da wannan a zuci ya isa layin masu kayan lantarki. Rumfar farko wani saurayi ne a ciki, tociloli rataye jere kamar kifin banda, da rediyo, da wayoyin caji, da fitilun sola. Ya tare shi da fara'a, ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Ga wadda ake yayi yanzu, daga nan sai ta haska maka kan dutse." Ya ɗaga zai kunna masa a fuska, Malam ya kare da hannu ya ce, "Tsaya, ɗana. An riga an yi mini wannan bara. Miƙo mini kwalinta."

A jikin kwalin an rubuta cewa haskenta lumen 100,000 ne. Lumen shi ne mudun da ake auna yawan hasken da fitila ke fitarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, irin wanda ake ratayawa a zaure, yana ba da wajen lumen 800, fitilar gaban mota guda ɗaya kuwa tsakanin 1,000 da 1,600. Malam ya shekara talatin yana koyar da lissafi, sai ya zaro biro ya juya bayan kwalin. Ƙwan zamani da ake kira LED yakan ba da lumen 100 ko sama da haka kaɗan a kan kowane wat ɗaya. Ashe lumen 100,000 yana bukatar wat wajen 1,000, watau abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Ya dubi saurayin ya ce, "In abin da aka rubuta nan gaskiya ne, da ka kunna ta sai ka yi wa rigata guga da ita." Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, mu ma haka aka kawo mana." Gaskiya ya faɗa. Ƙaryar ba a Jalingo aka buga ta ba, da kwalinta ta tsallako teku.

A can ƙuryar layin akwai wani Alhaji da ya tsufa a kan wannan sana'a, tun yana ɗan koli da faifan batir da ashana da lagwani. Sun san juna da Malam, don 'ya'yansa uku sun bi ta ajinsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi jajen abin da ya faru bara, sa'an nan Malam ya zazzage matacciyar tocilar a kan tebur. Alhaji bai ko gwada kunna ta ba. Ya ɗauki sukudireba ya kwance gindinta, ya zaro wani ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, ya ajiye a tafin hannun Malam. Ya ce, "Ga gawar, Malam. Wannan ƙanin batirin mota ne, dalma ce da ruwan batir. Ba ya son a zuƙe shi ƙaf, ba ya kuma son a bar shi kwance ba caji. Wa ya san watannin da ya yi a sito kafin ya zo hannunka? Ba a kuma yi ta don a canza shi ba. Irin wannan ta mai gida kusa da soket ce, ba ta mai kwanan daji ba."

Nan hira ta ɗan karkata, kamar yadda takan yi in tsofaffi biyu sun sami benci. Suka tuna acibalbal da ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe, da fitilar ƙwai mai kananzir wadda ɗalibai suka yi karatun jarrabawa da ita, da fitilar kabaid da maharba ke ɗaurawa a goshi. Suka tuna tocilar ƙarfe mai ruwan azurfa, mai batir biyu ko uku manya, wadda in za a yi wa ango sayayya ba a mantawa da ita, da batirin Berec da na Tiger Head mai hoton kan damisa, da yadda yara ke shanya mataccen batir a rana ko su ɗan daddaka shi da dutse wai ya farfaɗo. Ita tocila ba wata tsohuwar aba ba ce a duniya. Cikin 1899 ne wani Baturen Ingila mai suna David Misell, mazaunin Amurka, ya sami takardar mallakar fasaharta, kamfanin da ya karɓe ta kuwa shi ne daga baya ya shahara da sunan Eveready. Batiran wancan zamani ba su da juriya, sai a kunna a kashe don su huta, shi ya sa har yau sunanta a bakin Amurkawa yake nufin haske mai walƙiya. Babban sauyi ya zo ne daga Japan, inda cikin shekarun 1990 aka gano yadda za a yi ƙwan LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi aka samo fari. Mutum uku da suka yi wannan aiki, Akasaki da Amano da Nakamura, an ba su kyautar Nobel cikin 2014. Ƙwan nasu yana ba da haske wajen ninki goma na tsohon ƙwai mai zare a kan cin wuta iri ɗaya, ba ya kuma tsinkewa in tocila ta faɗi. Sai dai wannan alheri ne ya buɗe wa maha'inta ƙofa, don yanzu kowace tocila tana iya kashe ido na minti biyu a rumfa, mai kyau da marar kyau. A da haske shi ne shaida. Yanzu ya daina zama shaida.

Alhaji ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, ya fito da batura biyu masu kama da juna, dogaye, sun ɗan fi yatsa kauri. Irin da ake kira 18650 ne, don kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, kuma shi ne ke cikin tociloli masu caji na kirki. A jikin ɗaya an rubuta 3,000, a jikin ɗayan 9,900, watau yawan cajin da kowanne ke ɗauka. Ya ce, "Malam, rufe ido ka auna." Malam ya ɗora su a hannuwa biyu, ya ji mai 9,900 shafal kamar kara. Na gaskiya nauyinsa yakan kai giram 45 ko ya ɗara, kuma manyan kamfanonin duniya da ke yin irin wannan batir ba su wuce wajen 3,500 ba. Duk wanda aka rubuta wa fiye da haka nesa ba kusa ba, alƙalami ne ya cika shi.

Malam ya sake zaro biro, don a nan ne lissafin da ya dame shi yake. Batir mai 3,000 na gaskiya yana riƙe da abin da zai ba da wat 11 na tsawon awa ɗaya. In aka buɗe tocila a kan lumen 1,000, tana cin wat wajen 10, ke nan awa ɗaya da 'yan mintuna ta gama, kanta kuma ya yi zafi. In aka sa ta a kan lumen 30, wanda ya ishi mutum ya ga inda zai sa ƙafa, sai ta haura awa 30. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Abin da yaron ke bukata ba hasken da zai kai ƙetaren Binuwai ba ne, na taku biyar a gabansa ne, kowane dare, har kwana ashirin. Saboda haka ya ce a ware masa masu hawa-hawa, waɗanda ke da ƙaramin haske da matsakaici da babba, kuma in son samu ne wadda in an danna take farawa daga ƙarami. Akwai ma wani dalili da Alhaji ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, cewa a zamanin nan ba kowane dare ne mai kwana a daji yake so a hango shi daga nesa ba. Ga kuma ido, wanda yakan ɗauki wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, babban haske kuwa a ƙyaftawa ɗaya yake rushe wannan.

Game da awoyin da ake rubutawa a kwali ma akwai abin lura. Cikin 2009 aka tsayar da wani ma'auni a Amurka mai suna FL1, wanda masu ƙera tociloli na kirki ke bi. A ƙarƙashinsa, in an ce tocila tana yin awa 8, ana nufin har lokacin da haskenta zai ragu ya koma kashi ɗaya cikin goma na farkonsa. Ke nan ko kwali mai gaskiya ba ya nufin awa 8 na cikakken haske, balle wanda ba ya bin ma'aunin kowa.

Daga nan suka koma ga siffar hasken. Alhaji ya tura yaron shagonsa ya sauke labule, ya haska wata a bango, ta fitar da ɗan farin tabo kamar kwabo, gefensa duhu. Ya ce wannan ta mai gadi ce da maharbi. Ya haska wata, ta yi tabo a tsakiya, amma hasken ya bazu kewaye kamar faifai. Malam ya ce wannan ce, don maciji ba a tsakiyar hanya yakan kwanta ba, a gefen ciyawa yake. Ya kuma ƙi wata mai haske shuɗi-shuɗi, saboda irinsa yana sa ƙasa da ganye da abin da ke kwance a kansu su zama launi guda, ya kuma fi tara ƙwari. Ya zaɓi mai ɗan ratsin ruwan ɗorawa.

Sauran binciken na hannu ne, bai ɗauki lokaci ba. Ya kwance gindi ya duba ko akwai zoben roba a bakin zaren, don raɓar fadama cikin Nuwamba takan jiƙa kaya kamar an yi yayyafi. Alamar IPX4 tana nufin ta jure fantsamar ruwa, IPX7 kuwa ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa, ko da yake Alhaji ya ce shi ya fi amincewa da zoben da ya gani da idonsa. Ya duba sifirin ko zai yi tsatsa, ya danna makunni sau ashirin, ya girgiza ta tana kunne ya ga ko za ta yi ƙyafta, ya buga ta a tafin hannu. Jikinta na alminiyam ne, wanda ke janye zafi daga ƙwan. Biyu suka faɗi wannan jarrabawa, ɗaya ta ci.

Sai maganar caji, wadda ita ce ta kashe ta bara. Alhaji ya ba da shawarar a haɗa da batir biyu na ajiya da ɗan faifan sola. Malam ya yarda da batir, amma ya ce bai ga dalilin da zai sa ya rataya ƙafar ɗansa a kan abu ɗaya ba. Ya sa aka ƙara masa fitilar goshi mai cin ƙananan batura na yau da kullum, irin waɗanda ake samu a teburin kowane ƙauye, don mai ɗaurin buhu da dare yana son hannuwansa biyu. Da Alhaji ya ce ai kowa yanzu yana da tocila a wayarsa, Malam ya ce wayar nan ita ce za a kira mai babur da ita in wani abu ya faru, ba za a ƙone cajinta a kan zuwa bayan gida ba.

Har ya miƙe sai ya tuna saƙon uwargida. Ita tata bukatar daban ce. In an ɗauke wuta tana tsakiyar tuƙa tuwo, tana son wadda za ta tsaya da gindinta a kan kanta ta haska rufin madafi, marar nauyi, wadda jika zai iya ɗauka ya raka baƙo ƙofar gida, wadda kuma in ta ɓata ba za a yi zaman makoki ba. Nan Alhaji ya ce ko irin ta bara ma ta isa, muddin za a riƙa yi mata caji a kan kari. Malam ya ce a'a, wannan iri ba za ta sake shiga gidansa ba, ko da kuwa ya san laifin ba nata ne duka ba. Aka ba shi 'yar ƙarama mai batir biyu, da gargaɗin a riƙa cire su in za a daɗe ba a kunna ba, don in suka tsiyaye sai su cinye sifirin.

Aka zo ciniki. Alhaji ya faɗi kuɗi, Malam ya yi salati, don tocilar gona kaɗai ta ninka ta bara sau uku. Ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Ya ce, "Alhaji, ka tuna 'yan fansho ne mu." Alhaji ya ce, "Malam, ni ma ban manta wanda ya koya wa yarana jadawali ba. Na rage maka abin da zan iya, in na ƙara sai na ci uwar kuɗi." Malam ya yi shiru yana lissafin buhunan bara, sa'an nan ya ce a sallama, amma bisa sharaɗi guda: zai kunna ta a kan ƙaramin haske bayan sallar isha'i ya bar ta, in ta mutu kafin asuba zai dawo da ita. Alhaji ya ce ya yarda, in ma ta mutu kafin asubar jibi a dawo da ita.

Da daren nan Malam ya cika batirin, ya kunna tocilar ƙarfe takwas da rabi, ya rubuta lokacin a bayan wata tsohuwar rajistar aji, ya ajiye ta a ƙarƙashin gado tana kallon bango. Uwargida ta ce hasken yana hana ta barci, ya rufa masa kwando. Sau uku yana farkawa yana ɗaga kwandon. Da ladan ya yi kiran farko ya duba, tana nan yadda take, ya rubuta. Bai kashe ta ba. Ya bar ta ta wuni, ta sake kwana, ya sake rubutawa, sai da hantsin Jumma'a ya ga ta soma yin laushi, sa'an nan ya kashe ta ya mayar da batirin caji.

Ran Asabar da sassafe motar 'yan ƙodago ta tsaya a ƙofar gida. Yaron ya fito da tabarma da buhun garin masara, har yanzu yana ɗan ɗingisa ƙafar in sanyi ya yi. Malam ya miƙa masa ƙunshi: tocila, da batir biyu a naɗe cikin leda kowanne daban, da fitilar goshi, da takalman roba masu tsawo har gwiwa waɗanda ya saya a layin 'yan takalma a kan hanyarsa ta fita. Yaron ya durƙusa ya karɓa, ya ce, "Baba, ai wannan ya yi yawa." Malam ya ce, "Babban hasken na ganin abin da ya yi motsi ne, kada ka bar 'yan ƙodago su yi karta da shi. Kuma ko taku ɗaya ne, sa takalmin." Uwar tana tsaye a bakin zaure da 'yar tocilarta a hannu, ko da yake gari ya riga ya waye. Direba ya yi oda, suka kama hanyar Lau.